Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Darasi Daga Masu Kiwon Murjani

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyin gama kai da yawa sun shiga kiwon kifi. Waɗansu sun haƙa tafki a fadama, waɗansu kuma sun gina kwami da siminti a bayan gida. Kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne. Ga kuɗin haƙa, ga na 'ya'yan kifi, ga na abinci har wata biyar ko shida. Sau da yawa kuɗin nan na asusun ƙungiya ne, ko kuwa rance ne da za a biya bayan an kwashe kifi.

Amma akwai abu guda da akan manta da shi, watau ruwan kansa. Mukan ɗauka ruwa duk ruwa ne, in dai ya cika tafki shi ke nan. Ba haka ba ne. A cikin ruwa akwai ma'adinai narkakku waɗanda ido ba ya gani. Idan sun yi ƙaranci, sai a zuba taki ruwa ya ƙi yin tsanwa, kifi ya ƙi girma. Idan kuma aka zuba su da ka, ba awo, ana iya kashe kifin tafki guda cikin yini ɗaya.

Mutanen da suka fi kowa naƙaltar wannan sha'ani su ne masu kiwon murjani cikin akwatin gilashi, a Turai da Amurka da ƙasashen Asiya. Abin da suke kiwo ba ya yafe kuskure, saboda haka dole ta sa suka koyi awo. Bari mu duba yadda suke yi, sa'an nan mu dawo kan tafkunanmu.

Mene ne murjani?

Kowa ya san jan murjani da mata suke ratayawa. Tun zamanin fatake ake kawo shi ƙasar Hausa daga Bahar Rum ta hamada. Amma ba kowa ya san cewa wata halitta mai rai ce take gina shi ba. 'Yar ƙaramar dabba ce mai taushi, da baki ɗaya da 'yan yatsu kewaye da bakin. Dubbansu suna zaune tare, suna gina wa kansu ƙashi mai tauri. Abin da ake feƙewa a yi duwatsun wuya, ƙashin nan ne.

Akwai 'yan'uwan jan murjani masu zama a tekuna masu ɗumi, inda ruwa ba zurfi kuma garau yake. Su suna gina tuddai ne sosai a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma yana gabar Ostireliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300. Akwai su da yawa a Bahar Maliya. Tsoffin gidajen Suwakin a Sudan, inda matafiyan ƙasarmu suke hawa jirgin ruwa a zamanin tafiyar ƙasa, da dutsen murjani aka gina su. A gabar tekun Afirka ta Yamma babu manyan tuddan nan, gama koguna suna kwararo da laka da ruwan daɗi, murjani kuwa ba ya son ko ɗaya.

Da me murjani yake gina ƙashinsa? Da abu biyu da yake tsamowa daga ruwan teku. Na ɗaya kalsiyam, na biyu kabonet. In sun haɗu sai su zama farar ƙasa. Abu ɗaya ne da ɓawon ƙwai, da kwanson katantanwa, da farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Nijar domin yin siminti. Dutsen Kalambaina ma a ƙarƙashin teku ya taru, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, lokacin da ruwa ya rufe yankin. Har yau ana samun kwanson halittun teku a cikinsa.

Duwatsun murhu uku

Lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35. Yawancinsa irin gishirin miya ne. Amma mai kiwon murjani abu uku ya fi sa wa ido. Ana auna su da miligiram cikin lita. Miligiram 1,000 su ne giram ɗaya.

1. Kalsiyam. A teku yana wajen 420. Masu kiwo suna riƙe shi tsakanin 380 da 450.

2. Ƙarfin kashe tsami. Wannan shi ne yawan kabonet da 'yan'uwansa cikin ruwa. Kowace uwar gida ta san in yakuwa ta yi tsami da yawa, ɗan jiƙon kanwa ko ruwan toka yana kwantar da shi. To, ruwa ma yana da nasa abin kashe tsami a cikinsa. A teku yana wajen 120, in an auna shi bisa nauyin farar ƙasa. Masu kiwo suna riƙe shi tsakanin 125 da 200.

3. Magnisiyam. A teku yana wajen 1,300. Murjani ba ya cinsa da yawa, amma aikinsa babba ne. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da kabonet fiye da yadda ruwa zai iya riƙewa shi kaɗai. Magnisiyam ne yake hana su haɗuwa da wuri su kwanta kamar alli. In ya yi ƙasa, sai mutum ya yi ta zuba kalsiyam, awo bai tashi ba, sai dai ya ga farin ɓawo yana kama famfo da gilashi.

Ukun nan kamar duwatsun murhu suke. In ɗaya ya nutse, tukunya ta karkace, ko da sauran biyun suna nan daram.

Akwai awo na huɗu da ya kamata mu sani tun yanzu, domin za mu sake gamuwa da shi. Shi ne ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuwa ɓangaren kanwa ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan teku wajen 8.1. Ku lura, kowane taki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai 5 ya fi mai 6 tsami sau goma, ya fi mai 7 sau ɗari.

Yadda akwati yake tsiyacewa

A teku, duk abin da murjani ya ɗiba, igiyar ruwa tana kawo wani. A cikin akwatin gilashi babu mai kawowa sai mai akwatin. Kullum murjani yana ɗiba, kullum ruwa yana raguwa da ma'adinai, amma in ka duba da ido garau yake kamar jiya.

Murjani yana ɗibar abu biyun nan ne bisa ƙa'ida tsayayya. Duk lokacin da kalsiyam ya ragu da 20, ƙarfin kashe tsami yana raguwa da wajen 50. Ku yi lissafi. Cire 20 daga 420 ba wani abu ba ne. Amma cire 50 daga 130 ya fi kashi ɗaya cikin uku. Watau rumbun kalsiyam babba ne, na kabonet ƙarami, shi ne yake fara ƙarewa. Saboda haka shi masu kiwo suka fi aunawa, waɗansu sau biyu a mako, waɗansu kullum.

Ga misali. A ce akwati yana cin lita 200, ƙarfin kashe tsami kuma yana sauka da 20 kowace rana. Ma'anarsa murjanin yana gina farar ƙasa giram 4 a rana. Kamar ba kome, amma a shekara ya kusa kilo ɗaya da rabi. Duk wannan daga cikin ruwa ya fito. In ba a mayar ba, cikin mako guda murjanin ya daina girma, daga nan naman jikinsa ya fara saɓulewa daga ƙashi.

Rana da iska kuma suna shanye ruwa, amma ba su ɗaukar gishiri. Don haka abin da ya ƙafe, da ruwan daɗi tatacce ake cika shi. Wanda ya cika da ruwan gishiri, kullum ruwansa ƙara gishiri yake yi.

Hanyoyin mayarwa

Hanya mafi sauƙi ita ce canjin ruwa. Akan kwashe kashi 10 cikin 100 kowane mako ɗaya ko biyu, a zuba sabon haɗin ruwan gishiri. Wannan ya isa in murjanin kaɗan ne. In ya yi yawa, sai an ƙara da ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Ta farko, ruwan farar ƙasa. Wani masanin kiwon halittun teku mai suna Peter Wilkens ne ya yaɗa ta a Turai a shekarun 1970. Akan dama jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, irin ta shafen bango amma tsattsarka, cikin ruwan daɗi, a bari ta kwanta, a tsiyaye na saman. Lita ɗaya tana narkar da wajen giram ɗaya da rabi ne kawai. Ruwan nan yana ba da kalsiyam da ƙarfin kashe tsami daidai yadda murjani yake ɗiba. Amma awonsa na pH ya wuce 12. Saboda haka ɗiga shi ake yi ɗis-ɗis, yawanci da dare. Wanda ya juye shi gaba ɗaya ya kashe abin da yake kiwo.

Ta biyu, kwalba biyu. Wani Bajamushe, Hans-Werner Balling, ya bayyana tsarinta a 1994. Kwalba ɗaya tana da kalsiyam kulorayid, ɗayar tana da sodiyam baikabonet, watau sodar da ake sa wa burodi da cincin. Ga akwatin misalinmu, wajen giram 6 na farkon da giram 7 na biyun ake bukata a rana. Ba a haɗa su a kwano ɗaya, ba a kuma zuba su a wuri ɗaya lokaci ɗaya. In sun gamu da kaurinsu, nan take sai su zama farin gari su kwanta, an yi asarar duka biyu. Hanyar nan tana barin ragowar gishiri cikin ruwa, don haka akan ƙara da sauran ƙananan ma'adinan teku, ana kuma lura da awon gishiri.

Ta uku, tulun narkarwa. Akan cika wani tulu da ɓaraguzan mataccen murjani, a bi da ruwa ta ciki, a hura masa iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Iskar nan tana sa ruwa ɗan tsami, ya sauka wajen 6.5, sai ɓaraguzan su riƙa narkewa. Abin da tsohon murjani ya tara, shi ake mayar wa sabo.

Ko wace hanya mutum ya bi, ƙa'idodin guda ne. A auna tukuna kafin a zuba. A mayar da abin da aka ɗiba tare da abokin tafiyarsa. A yi gyara kaɗan kaɗan: yawancin masu kiwo ba sa ɗaga ƙarfin kashe tsami fiye da wajen 20 a rana guda, gama hawa da sauka farat ɗaya ya fi ƙarancin kansa illa. A kuma rubuta kome a littafi.

Mu dawo tafkinmu

Tarwada da karfasa ba murjani ba ne, ruwan tafki kuma ba teku ba ne. Kada kowa ya ɗauki lambobin da ke sama ya kai tafkinsa. Amma kalsiyam da kabonet ɗin nan su ne dai suke riƙe da lafiyar ruwanmu, ta hanya uku.

Da fari, abincin kifi. Tsanwar da muke so ruwa ya yi, ƙananan tsire-tsire ne da ido ba ya rarrabewa. Karfasa tana cinsu, 'yan ƙwarin ruwa suna cinsu, 'ya'yan kifi kuma suna cin ƙwarin. Tsire-tsiren nan suna bukatar kabon, kabonet kuwa shi ne ajiyarsa. Har wa yau, laka mai tsami tana kama sinadarin da ke cikin takin sufa ta riƙe, ta hana shi narkewa cikin ruwa. Binciken da Claude Boyd da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Auburn ta Amurka tun shekarun 1970 ya nuna cewa in ƙarfin kashe tsami bai kai 20 ba, taki ba ya yin aikin kirki sai an sa farar ƙasa. Abin da aka fi so shi ne daga 50 zuwa 150.

Na biyu, zaman lafiyar awon tsami. Da dare kifi da tsire-tsire da laka duk suna fitar da iskar kabon, ruwa ya ƙara tsami. Da rana tsire-tsire suna shanye iskar, awo ya hau. Saboda haka pH yana ƙasa da asuba, yana sama da la'asar. In ruwa yana da ƙarfin kashe tsami, hawan da saukar kaɗan ne. In ba shi da shi, ana iya samun 6 da asuba, 10 da la'asar. Kifi ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 9. Wajen 4 ko wajen 11 mutuwa ce.

Na uku, jikin kifin kansa. Kifi yana tsamo kalsiyam daga ruwa har da abinci, domin ƙashi da daidaita gishirin jininsa. Mai kaji ya san abin da yake faruwa in kaza ta rasa kalsiyam: ƙwai ya fito da ɓawo mai taushi. Masu ƙyanƙyasar tarwada su ma sukan yi fama in ruwansu ba shi da kalsiyam sam.

Me yake cinye ma'adinan tafki? Laka mai tsami tana ci. Ruɓewar taki da ragowar abinci tana ci. Kashin kifi yana sakin amoniya, ƙwayoyin halitta suna sarrafa ta, kowane giram ɗaya da suka sarrafa kuwa yana cinye wajen giram 7 na ƙarfin kashe tsami. Ruwan sama kusan ba shi da ma'adinai, in ya cika tafki ya yi ambaliya sai ya tsinka abin da ke ciki.

Amma ba kowane tafki yake bukatar farar ƙasa ba. Inda ƙasa ta fito daga dutsen ƙanƙara, kamar yawancin tsaunukan Filato, da inda ruwan sama yake da yawa yana wanke ƙasa, ruwa yakan zama maras ma'adinai. Inda akwai farin dutse a ƙarƙashi, ruwa yakan zo da nasa. A fadamun arewa masu kanwa kuwa, matsalar yawa ce, ba ƙaranci ba. Wanda ya sa farar ƙasa a irin wannan wuri ya zubar da kuɗinsa, wataƙila ma ya ƙara ɓarna. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin nan ido bai san kima ba, sai awo.

Farar ƙasa iri uku ce

Nan ne aka fi yin kuskure, gama duka ukun farin gari ne, suna kuma ɗaya ake kiransu da shi a kasuwa.

1. Niƙaƙƙen dutse, watau farar ƙasar gona. Dutse ne aka niƙa, ba a ƙona ba. A hankali yake narkewa, in ruwa ya ƙoshi kuma sai ya daina. Ba ya ƙuna, ana iya sa shi ko da kifi yana ciki. A ce ƙarfinsa 100. Gwargwadon laushinsa, gwargwadon aikinsa. Akwai wani irinsa mai magnisiyam a ciki, shi ma yana da kyau.

2. Ƙonanniyar farar ƙasa. An gasa dutsen da wuta mai tsanani. In ruwa ya taɓa ta sai ta yi zafi har da tururi. Ƙarfinta 179.

3. Jiƙaƙƙiyar farar ƙasa. Ƙonanniyar ce aka kashe da ruwa, ita ake shafen bango da ita. Ƙarfinta wajen 135. Ita ce ta masu murjani, wadda muka ce awonta ya wuce 12.

Ta biyu da ta uku aikinsu a busasshen tafki ne, domin kashe ƙwayoyin cuta da matsattsaku da ragowar baƙin kifi kafin sabon zubi. Kada a watsa su cikin ruwa mai kifi. Suna ɗaga awo farat ɗaya. Akwai kuma wani haɗari. Amoniya tana da fuska biyu, mai guba da marar guba. A pH 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 9 ta kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Watau ruwan da kifi yake zaune lafiya cikinsa da safe yana iya zama guba da rana, ba don an ƙara datti ba, sai don an ɗaga awo.

In mai sayarwa bai san irin wadda yake sayarwa ba, ku gwada. Ku dama cokali ɗaya cikin kofin ruwa. In ya yi zafi, ƙonanniya ce. In bai yi zafi ba amma awo ya haura 11, jiƙaƙƙiya ce. In awo ya tsaya wajen 8 ko 9, niƙaƙƙen dutse ne.

Waɗansu za su ce, ga kanwa, ga toka, me zai sa mu saya? Kanwa tana kashe tsami, amma ba ta da kalsiyam na kirki, kuma tana ɗaga awo da sauri. Dutsen murhu ɗaya ke nan aka ɗaga. Jibsam kuwa yana ba da kalsiyam, ba ya kashe tsami. Tokar itace tana da kalsiyam tana kuma kashe tsami, amma ƙarfinta ya bambanta daga itace zuwa itace, kuma tana aiki da sauri, don haka a ƙasan busasshen tafki ya kamata a sa ta. Ɓawon ƙwai da kwanson katantanwa, in an daka su lilis, daidai suke da niƙaƙƙen dutse.

Nawa, yaushe, ta yaya?

Adadin ya dangana ga tsamin laka da irinta. Yumɓu mai tsami ya fi jigawa ci. Abin da aka saba bayarwa shi ne kilo 1,000 zuwa 2,000 na niƙaƙƙen dutse ga hekta ɗaya. Watau kilo 10 zuwa 20 ga kowane murabba'in mita 100. Tafki mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20 zai ci kilo 20 zuwa 40. Ku fara da ƙaramin adadin, ku sake awo bayan mako uku ko huɗu, in bai kai ba ku ƙara.

Ga yadda ake yi:

1. Bayan an kwashe kifi, a tsiyaye ruwa, a bar laka ta sha rana har ta fara tsagewa.

2. A watsa garin ko'ina daidai, har da gefen ganuwa. Kada a jibge shi wuri ɗaya. Lakar ake yi wa magani tukuna, gama in ba ta ƙoshi ba, duk abin da aka sa a ruwa ita za ta shanye.

3. In ƙonanniya ko jiƙaƙƙiya za a sa, a sa lokacin da laka take da ɗan danshi. Mai watsawa ya rufe hanci da baki, ya kare idonsa, ya sa takalmi, ya ba iska baya. A kori yara da dabbobi daga wurin. In ta shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

4. A cika ruwa, a jira mako biyu. Kada a zuba 'ya'yan kifi sai awo ya sauko ƙasa da 9.

5. Kada a sa farar ƙasa da takin sufa tare. Kalsiyam yana kama sinadarin takin su kwanta ƙasa, kamar dai kwalba biyun masu murjani. A sa farar ƙasa tukuna, taki ya biyo bayan mako biyu ko uku.

6. In an sa taki, a gwada tsanwar ruwa da hannu. A tsoma hannu har gwiwa. In tafin hannu ya fara ɓacewa a daidai nan, ya yi. In ya ɓace tun daga wuyan hannu, taki ya yi yawa, a dakata.

Masu kwamin siminti

Sabon siminti yana sakin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa cikin ruwa. Wanda ya gama gini yau ya zuba kifi jibi, ya sa su cikin ruwan toka ne. A cika kwamin, a bari ya kwana huɗu ko biyar, a zubar, a goge, a sake cikawa. A yi ta haka har mako uku ko huɗu. Shaidar ya nuna ita ce awo ya tsaya ƙasa da 9 bayan ruwa ya kwana biyu a ciki. Sa'an nan a gwada da kifi biyar ko goma kafin a zuba sauran.

Ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan fito da iskar kabon da yawa, iskar shaƙa kuwa kaɗan. A bar shi ya zubo daga bisa yana fantsama, ko ya kwana a tanki. Sau da yawa wannan kaɗai yana ɗaga awonsa. In har yanzu ƙarfin kashe tsaminsa bai kai ba, a ajiye buhun dakakken farin dutse ko kwanso inda ruwan yake bi. Tulun narkarwa ke nan irin na talaka.

Ku kuma tuna, ba kowace cuta farar ƙasa take warkarwa ba. In karfasa ta taso sama da asuba tana haki, yawanci iskar shaƙa ce ta ƙare. Maganinsa rage abinci da taki, da ƙara sabon ruwa.

Aikin ƙungiya

Kayan awo ba su da wuyar aiki. 'Yan kwalabe ne. Akan ɗebi ruwa, a ɗiga magani ana ƙirgawa har launi ya juya. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan kiwon kifi a manyan garuruwa. Mutum ɗaya zai ga tsadarsu, amma ƙungiya mai tafki goma ba za ta ji ba. Ku nemi na pH da na ƙarfin kashe tsami, in da hali da na kalsiyam. Ku duba ranar lalacewarsu, ku ajiye su a inuwa.

Ku zaɓi mutum biyu masu karatu, namiji ko mace, malamin gona ya koya musu. A auna pH sau biyu a rana ɗaya kowane mako, da asuba da kuma la'asar. A auna ƙarfin kashe tsami sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowane babban ruwan sama. A rubuta rana da sa'a da lamba, da abin da aka zuba, da nauyin kifin da aka kwashe. Bayan zubi biyu ko uku, littafin nan zai gaya muku abin da kowane tafki yake ci, yadda mai murjani ya san abin da akwatinsa yake ci a rana. Ku haɗa kuɗi ku sayi farar ƙasa a dunƙule da rani, kafin hanya ta ɓaci.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Daga ina ruwan kowane tafkinmu yake fitowa: rafi, rijiya, ko ruwan sama? An taɓa auna shi?

2. Akwai tafkin da muka sa wa taki amma ruwansa ya ƙi yin tsanwa?

3. Farar ƙasar da ake sayarwa a kasuwarmu, wace iri ce cikin ukun nan? Wa zai sayo kaɗan mu gwada?

4. Su wa za mu ɗora wa awo da riƙon littafi, kuma nawa kowane memba zai bayar domin sayen kayan awo?

Ku tattauna waɗannan, ku kira malamin gona na yankinku ya zauna tare da ku, ku yanke shawara kafin lokacin zuba 'ya'yan kifi ya zo.